MAƘALAR MAKO: Mu bar musu gunkin, mu ɗauki darasin



Duk wanda ya tashi da kallon fina-finan Indiya, tun na zamanin sinima har zuwa na fassarar Hausa da ke cikin wayoyinmu, ya san gunkin nan mai hannu huɗu da ke rawa cikin zoben wuta, ƙafa ɗaya a ɗage. Sunansa Nataraja, siffa ce ta Shiba, ɗaya daga cikin abubuwan bautar 'yan Hindu. Mu Musulmi ne, matsayinmu a kan gunki a fili yake: ba ma bauta masa, ba ma ƙera shi, ba ma ajiye shi. Abin da muke so mu duba shi ne hannun da ya ƙera shi, da yadda aka yi sana'ar ta shekara dubu a raye, alhali tamu tana shure-shure.

A kudancin Indiya, cikin jihar Tamil Nadu, akwai ƙaramin gari mai suna Swamimalai a bakin kogin Kaberi. Maƙeransa sun gaji zubin tagulla tun zamanin sarakunan Chola, waɗanda suka yi mulki daga ƙarni na 9 zuwa na 13. Ga yadda suke yi: a haɗa kakin zuma da ƙaro da man gyaɗa, a fitar da siffar da hannu, a lulluɓe ta da laka mai laushi ta bakin kogi, a bari ta bushe. Sai a gasa, kakin ya narke ya tsiyaye, a zuba narkakkiyar tagulla a gurbinsa. In ta huce a fasa lakar, a bi da goge. Tunda sai an fasa ake fitarwa, ba a taɓa samun guda biyu iri ɗaya sak. Gwamnatinsu ta yi wa sunan garin rajista, don kada wani ya zuba nasa a wani wuri ya ce na Swamimalai ne. Da aka zo taron G20 a Delhi a 2023, su aka ba aikin Nataraja mai tsayin ƙafa 27 da aka kafa a ƙofar zauren taron.

Wannan dabara ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan. Da ita aka zuba kayan Igbo-Ukwu da na Ife, da na Benin waɗanda sojojin Ingila suka kwashe a 1897, ake ta fafutukar dawo da su har yau. Mu ma muna da maƙeran fari, masu aikin tagulla da azurfa, waɗanda suka zuba wa kakanninmu likkafa da mundaye da zobba da adon linzami. Babu gunki ko ɗaya a ciki. Narka ƙarfe kuwa ba abin ƙyama ba ne: Alƙur'ani ya ba mu labarin yadda aka tausasa wa Annabi Dawud (AS) ƙarfe, da yadda Zulƙarnaini ya zuba narkakken jan ƙarfe a kan katangarsa.

Mu mutanen Daura ma ya fi kamata abin ya taɓa mu. A labarin da muka gada, sai da Bayajidda ya biya Gaya maƙera suka ƙera masa wuƙa, sannan ya iso rijiyar Kusugu ya kashe macijin da ya hana mutane ɗiban ruwa sai ranar Juma'a. Ashe tun farkon tarihin da muke tinƙaho da shi, akwai hannun maƙeri a ciki.

To yau fa? Mu leƙa lefen 'ya'yanmu: sarƙa, ɗan kunne, awarwaro, kusan duk na waje ne, wasu ma daga Indiyar. Tsofaffin mundayen kaka kuwa, da tasa da likkafar da aka gada, sau nawa muka ga an miƙa wa 'yan gwangwan sun aza a sikeli? Aikin wata guda a sayar da shi a kuɗin kilo. Ɗan maƙerin da ya ga haka, me zai zaunar da shi a gaban zuga-zugi? Gara ya ɗauki babur ya shiga acaɓa, kuma ba mu da bakin zarginsa.

Wani zai ce ai na Indiya gidajen bautarsu ne ke saye, mu ba mu da wannan kasuwa. Muna da tamu. Kowace shekara ana hawan ƙaramar salla da babba, ga Sallar Gani a watan Rabi'ul Awwal, dawakin Mai Martaba Sarkin Daura Alhaji Umar Faruk Umar da na hakimai suna fitowa cikin ado. Ga bukukuwan aure, ga baƙin da ke zuwa Kusugu su koma ba tsarabar da za su nuna. Wani kuma zai ce aikin hannu tsada. Haka ne. Amma mai arha wata shida ya koɗe, munduwar kaka kuwa ta ga jikoki.

Ga abin da muke gani:

1. Masu hawa su riƙa ba maƙeran gida aikin ko da kaya ɗaya a shekara.
2. Kada a sake sayar da tsohuwar tagulla a kilo. In ta lalace, a kai gyara.
3. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Daura ta zauna da shugabannin maƙera, a ɗauki aikin dattawa a bidiyo, a buɗe ajin zubi ga matasa.
4. A tanadi rumfa kusa da Kusugu, kowane kaya da tambarin maƙerin da ya yi shi.

Ilimin nan ba a littafi yake ba, a hannun dattawa yake, kuma kowace shekara suna raguwa. Saboda haka 'yan uwa na Daura, Baure, Mai'adua, Sandamu da Zango, duk wanda ya san maƙerin fari da ke aiki har yanzu, ya faɗa mana garin da irin aikin da yake yi. Mu fara da sanin su nawa suka rage.

Allah Ya sa albarka a sana'o'inmu. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.