Lissafi ya yanke kwanakin magani, ba aljihu ba

Ƴan uwa matasa, mu faɗa wa juna gaskiya: a ƙauyukan Urno, Buza da Keita, mai ciwon hanta ba likita ke tsayar masa da magani ba, aljihunsa ne. Kuɗin albasa su ƙare, ko ɗan ci-rani ya daina aiko da saƙo, shi ke nan, a koma jiƙe-jiƙen shawara.

To a wasu wurare lissafi ke wannan aikin. Tun 1998 su Alan Perelson suka fitar da lissafin da ke nuna yadda ƙwayar ciwon hanta nau'in C ke raguwa cikin jini idan an fara magani. Yau magani irin sofosbuvir da daclatasvir sati 12 ake sha, kuma fiye da 90 cikin ɗari na warkewa. Amma jiki ba ɗaya ba ne. Shi ya sa masu bincike irin su Harel Dahari suka gwada auna yawan ƙwayar sau da yawa a makonnin farko, kwamfuta ta ƙiyasta ranar da za ta ƙare a jikin wannan mutumin. Wasu an rage musu kwanaki, suka warke.

Ku duba amfanin ga talaka: kwalin da aka rage wa wani, magani ne ga wani. Sai dai lissafin ba duba ba ne, da sakamakon gwajin jini yake aiki. In babu gwaji, babu lissafi. Kuma na'urar GeneXpert da ake gwajin tarin fuka da ita tana iya auna ƙwayar B da C. Me zai hana a nemi wannan gwajin a asibitocin Madawa, Buza da Keita, a farashin da manomi zai iya?

A kula fa: nau'in B, wanda ya fi yawa a wajenmu, dabam yake. Tenofovir ana shansa shekaru, kuma tsayar da shi da ka na iya tayar da ciwon har hanta ta gaza. Kada kowa ya karanta wannan ya yi wa kansa hisabi.

OMS ta sa 2030 a matsayin shekarar kawar da wannan ciwo. Masar ta gwada miliyoyin mutanenta tun daga 2018, ta nuna abu ne mai yiwuwa. Mu ma mu fara da namu: ka je ka yi gwaji, ka kai yaro rigakafi, sannan a taron gunduma ka tambayi magajin gari, ina gwajin hanta a kasafin bana?