Kwana Ɗaya A Gindin Dutse

Jama'a, akwai wata magana da ta daɗe tana ci mana rai, yau kuwa za mu faɗe ta, ko da waɗansu malamanmu za su girgiza kai. Mu ɗaliban garin nan na Kaduna mun zama kamar kajin akurki. Daga aji sai ɗakin kwana, in an yi nisa ƙwarai a leƙa Kawo ko Kasuwar Barci. Kogin Kaduna yana nan kudu da mu, amma da yawanmu ba su taɓa ganinsa ba sai ta tagar mota, sa'ad da a ke ƙetare gada.

In ka ce a fita daji da ƙafa a kwana, sai a ce maka ai wannan al'adar Turawa ce, ko kuwa aikin 'yan sikawut. Ko kusa! Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan ɗauki guzuri ya hau Kogon Hira a bayan garin Makka, ya yi kwanaki shi kaɗai, can kuwa wahayi ya fara sauko masa. Annabi Musa ma a cikin kwari aka kira shi. Malamanmu na dā sun san wannan, suna ce da shi halwa.

Ba ji muka yi ba, mun gwada. Wata shekara da hunturu mu takwas muka tafi Kufena, dutsen nan da ke yamma da birnin Zariya, kamar mil 50 daga nan. Muka hau da la'asar, muna haki, duwatsu suna yanka mana ƙafa. Daga bisa muka hangi ragowar ganuwar mutanen dā, waɗanda suka yi zamaninsu suka wuce, ba wanda ya san sunan ko ɗaya daga cikin masu ɗaukar ƙasar ginin. Da muka sauko muka kafa murhu, muka dafa shinkafa, ta kama, muka ci haka nan.

Abin da ya faru bayan lisha shi ne dalilin wannan rubutu. Wuta ta mutu, sanyi ya sauko, sama ta cika da taurari har ba wurin sa yatsa, ga Kaza da 'Ya'yanta bisa kanmu sosai. Akwai wani a cikinmu, sarkin surutu, wanda ko a aji ba a iya tsai da bakinsa. Daren nan ko tari bai yi ba. Da Gamzaki ya fito muka yi sallar asuba a kan fā, ya ce mana shekararsa goma yana salla, bai taɓa jin abin da bakinsa ke faɗi ba sai ran nan. Muna tsammani gajiya da shiru su suka yi aikin, gama su biyun nan gari ba ya ba da su tare.

To, mun san amsar da za a ba mu, ba kuwa ƙarama ba ce. Daji ya ɓaci. Ran 11 ga Maris 2021 'yan bindiga suka shiga makarantar gandun daji ta Afaka, nan bakin gari, suka kwashe ɗalibai 39. Kwazazzabon Shiroro, inda kogin namu ya matse tsakanin duwatsu har aka datse shi don wutar lantarki, mai hankali ba zai ce a kai yara can ba. Mu ma ba mu ce ba. Amma in aka bar tsoro ya rufe ƙofa duka, sai a yaye ɗalibai aji bayan aji ba su taɓa kwana inda ba rufi ba, su kuwa za su koyar da na baya.

Roƙonmu ga hukumar makaranta kaɗan ne. Sau ɗaya a shekara, da rani, a zaɓi wurin da mahukunta suka tabbatar da lafiyarsa, a rubuta wa hakimin ƙasar takarda, a nemi ɗan gari ya yi jagora. Kada a wuce mutum 15, gama taro ya fi haka ya zama biki. Wayoyi kuwa a tara su a jaka guda a hannun malami, a bar ɗaya a kunne saboda larura.