Ga Ƙoshi Ga Kwanan Yunwa: Maganar Ruwan Sha a Turawa

Duk wanda ya taɓa zuwa Turawa, cikin ƙasar Ƙaraye, ya tsaya bisa ganuwar dam ɗin Challawa, ya san abin da za mu faɗa tun ba mu buɗe baki ba. Ruwa ne kwance iyakar ganin ido, masunta na yawo a kansa da kwale-kwale. A 1992 aka gama ginin. Tsawon ganuwar ya kusa kilomita 8, tsayinta ya ɗara mita 40, kuma an yi shi don ya riƙe ruwa mita-cif wajen miliyan 900. Don kada lissafin Turawan boko ya ruɗa mu, mita-cif ɗaya jarka 40 ce irin ta 'yan garuwa, mai lita 25. To, a buga wannan sau miliyan 900. Ga kuma dam ɗin Kusalla, shi ma a nan ƙasar Ƙaraye yake.

Ruwan nan ba zaman banza yake yi ba. Ana sakinsa ya bi kogin Challawa, gidan ruwa na wajen Panshekara ya ja nasa ya tace wa mutanen birnin Kano, saura ya haɗu da kogin Kano ya gangara Haɗeja da Nguru. Ba mu yi wa kowa baƙin ciki ba, su ma 'yan'uwanmu ne. Amma gonakin da ruwan ya cinye na mutanen wannan yanki ne, su aka tasa daga kufan iyayensu. To, shin wane irin ruwa ne a cikin randar wanda aka tasa? Wa ya auna shi? Wa ke da alhakinsa? Tambayarmu ke nan a wannan mako.

RUWAN DA KE CIKIN RANDA

'Yan jam'iyya da ke shigowa ofishinmu daga ƙauyuka labarinsu iri ɗaya ne. Mai rabo yana da rijiyar burtsatse kusa, in tana aiki. Wani rijiyar gargajiya ce, bakinta a buɗe, guga da igiya na kwana a ƙasa inda awaki ke bi. Wani kuwa, idan rani ya yi nisa, sai ya tura yara bakin ruwa inda ake shayar da shanu, a ɗebo, a jefa alif, a jira ya kwanta, a sha da bisimilla.

A nan akwai abin da ya kamata kowa ya sani. Alif yana kwantar da laka, amma ba ya kashe ƙwayar cuta. Ruwa yakan yi garau kamar idon zakara alhali kwalara na ciki. Ƙwayar kwalara da ta taifot daga bayan gidan ɗan Adam suke fitowa, ruwan sama ya kwashe su ya zuba a rijiya ko a kududdufi, mu kuma mu ɗebo. Shi ya sa amai da gudawa ya fi yin ɓarna da damina. Yaron da ke fitsarin jini kuwa ba alamar girma ba ce, tsargiya ce, daga wanka da ɗiban ruwa a kwantaccen ruwa inda dodon koɗi ke zama ake samunta.

Ba tatsuniya muke yi ba. A 2021 kwalara ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 3,000, Jihar Kano kuwa tana cikin jihohin da abin ya fi tsanani. Waɗanda suka mutu ɗin nan ba masu shan ruwan roba cikin mota mai sanyi ba ne. Talakawa ne, yawancinsu a ƙauye, nesa da asibiti.

AIKIN WA NE?

Idan ka ɗauki ƙafa ka je neman mai alhaki, sai a yi ta wasa da kai kamar ƙwallo. Dam na Gwamnatin Tarayya ne, a hannun Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are. Ruwan famfo na manyan garuruwa na Hukumar Ruwa ta Jiha ne. Haƙa rijiyoyin ƙauye akwai hukumar RUWASA. Kowa ya nuna maka ƙofar wani, har rana ta faɗi, ka koma gida da ƙishirwarka.

Amma takardun Gwamnati da kansu sun raba gardama. Tsarin samar da ruwa da tsabta na ƙasa da aka fitar a 2000 ya ɗora kula da ruwan ƙauyuka a wuyan Ƙaramar Hukuma, ita da mutanen gari. Tsarin Mulki na 1999 kuma, a Jadawali na Huɗu, ya lissafa aikinta ɗaya bayan ɗaya: kasuwa, tashar mota, mahauta, bayan gida na jama'a, magudanan ruwa, kwashe shara, da sa hannu a kiwon lafiya. Watau duk hanyoyin da ƙazanta ke bi ta shiga ruwa, ita aka ba tsaronsu.

To, 'yan kasuwa, ku kuka fi kowa sanin wannan hukuma. Ran kasuwa, a Ƙaraye ne ko a Rogo ko a ƙauye, ba ka gama shimfiɗa buhu ba mai rasit ya iso. Mai tumatir ta biya, mai kifi ya biya, mai rumfa ya biya, mai mota ya biya a tasha. Ba mu ce kada a biya ba. Amma wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Kasuwar da ake karɓar kuɗi a cikinta ta cancanci famfo mai aiki, da masai mai ƙofa, da mai kwashe shara, da ruwan wanke mahauta. Mai sayar da fura da mai tuwo da mai kunun zaƙi, da ruwan da suka samu suke aiki, shi kuma dukan kasuwa ke sha.

INDA GIZO KE SAƘA

Me ya sa abin ya ƙi gyaruwa shekara da shekaru? Mu dai mun ga dalili biyu.

Na farko, haƙa sabuwar rijiya ya fi gyaran tsohuwa daɗi ga mai mulki. Sabuwa akwai kwangila, akwai allo da sunan mai girma, akwai maroƙa ran buɗewa. Gyara kuwa ba kiɗa ba guɗa, ɗan ƙarfe ne da robar da ta cinye a cikin tuƙa-tuƙa, da ladan makaniki. Shi ya sa za ka shiga gari ka tarar da kan famfo biyu ko uku a tsaye, yara na wasa a kansu, mata na wucewa da tulu zuwa rafi. Kuɗin da aka binne a waɗannan ramuka na talakawa ne.

Na biyu ya fi na farko nauyi. Jihar Kano na da Ƙananan Hukumomi 44. A zaɓen 2021 jam'iyyar Gwamnan lokacin ta cinye kujerar Ciyaman duka 44. A zaɓen 2024, bayan an sami sabon Gwamna daga wata jam'iyya, ita ma ta cinye duka 44. Haba! Ashe a duk faɗin ƙasar Kano babu gari ɗaya da ra'ayinsa ya bambanta da na Gidan Gwamnati? Wanda kujerarsa daga sama ta zo, sama zai riƙa duba. Ba ya tsoron matar da ta kwana a layin famfo, gama ba ita ta ɗora shi ba, ba kuma ita za ta sauke shi ba.

Da can, in an tambayi ma'aikatan Ƙananan Hukumomi, sai su ce kuɗinsu na maƙale a asusun haɗin gwiwa da Jiha. Akwai gaskiya a ciki. Amma ran 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan Ƙananan Hukumomi kasonsu kai tsaye, kuma ba a yarda da kantomomin naɗi ba. Bayan hukuncin an yi ta jan ƙafa wajen aiki da shi. To, ɗayan biyu ne. In kuɗin na isowa, a nuna mana inda suka shiga. In ba sa isowa, Ciyaman ya fito ya gaya wa jama'a wanda ya tare su, mu kuwa za mu tsaya a bayansa ko da ba ɗan jam'iyyarmu ba ne. Ba mu kira kowa ɓarawo ba. Lissafi muke nema, gyara kayanka kuwa bai zama sauke mu raba ba.

ABU NE MAI YIWUWA

Kada wani ya ce mana haka Allah Ya so. Allah Ya ba mu ruwa, Ya ba mu hankali. A birnin Landan, a 1854, kwalara ta yi ta kashe mutane a wata unguwa. Wani likita, John Snow, ya bi gidajen da aka yi mutuwa ɗaya ɗaya, ya gane duk famfo ɗaya suke sha. Ya je gaban majalisar unguwar, suka yarda aka cire hannun famfon. Majalisar unguwa ce fa, irin ta kansilolinmu, ba Sarauniya ba.

Mu dawo gida. Dattawanmu sun san kurkunu, sun san yadda yake kwantar da magidanci daidai lokacin noma. A ƙarshen shekarun 1980 an ƙirga masu shi a Nijeriya fiye da 600,000 a shekara ɗaya. Ba allura aka yi ba, gama ba shi da allura. Ƙyallen tace ruwa ne, da rijiyoyi masu kyau, da mutanen gari masu bi gida gida, su Janar Yakubu Gowon da Jimmy Carter na Amurka suna ƙarfafa musu gwiwa. A 2008 aka ga na ƙarshe, a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shaida cewa ya ƙare a ƙasar nan. Maƙwabtanmu na Jigawa kuma, a 2022, su aka fara ba shaida a Nijeriya cewa jiharsu ta bar yin bayan gida a fili. Ba su fi mu ruwa ba, ba su fi mu kuɗi ba.

ABIN DA MUKE NEMA

Muna kira ga majalisun Ƙaraye da Rogo da su zauna su zartar da abu biyar. Babu wanda ya fi ƙarfinsu a ciki.

1. A ƙirga dukan rijiyoyin jama'a na kowace mazaɓa, a rubuta mai aiki da matacciya, a liƙa takardar a ƙofar gidan dagaci da bakin kasuwa, da Hausa, boko da ajami.

2. Kada a ba da kwangilar sabuwar rijiya a garin da ke da matacciya mai gyaruwa sai an gyara ta. A ware kuɗin gyara daban cikin kasafi, a koya wa samarin gari aikin.

3. A riƙa auna ruwa sau biyu a shekara, kafin damina da tsakiyarta. Ƙa'idar ruwan sha ta Nijeriya ta 2007 ta ce kada a sami ƙwayar bayan gida ko ɗaya cikin ruwan da za a sha. Rijiyar da ta faɗi a zuba mata kulorin, a gaya wa mutane gaskiya.

4. A dawo da duba-gari bakin aikinsa. Iyayenmu sun sha wuya a hannun duba-garin zamanin En'e, wanda ke leƙa randa don neman tara, ba irinsa muke so ba. Muna son wanda zai hana haƙa masai kusa da rijiya, a bar tsakaninsu kamar mita 30, ya kuma duba inda 'yan garuwa ke cika jarkokinsu.

5. Daga kuɗin da aka tara a kowace kasuwa, a bar wani kaso sananne a kasuwar don ruwa da masai da shara, shugabannin 'yan kasuwa su sa hannu kafin a kashe.

Bayan waɗannan, majalisun biyu su haɗa baki da Masarautar Ƙaraye, wadda tun 2024 ƙasarta ita ce Ƙaraye da Rogo, su kai kuka Kano da Abuja: garuruwan da suka ba da gonakinsu don dam, a ba su tataccen ruwa daga cikinsa.

NAMU LAIFIN

In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mu ma mukan bar bakin rijiya a buɗe, mu tsoma moɗa ɗaya a randa kowa da hannunsa, mu bar yara su tsuguna a bayan gari. Kafin hukuma ta motsa, a tafasa ruwan da ake shakka, a rufe randa, a rataye guga, a wanke hannu da sabulu ko toka. In gudawa ta kama wani, a dama ruwan gishiri da sukari nan take: lita ɗaya ta tafasasshen ruwa, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. A yi ta ba shi ana hanyar asibiti, kada a jira gari ya waye.

Sa'an nan kowane reshe na jam'iyya ya fara ƙirgar nan da kansa tun wannan mako, kada a jira majalisa. A rubuta sunan unguwa, da irin rijiyar, da tun yaushe ta tsaya, a aiko ofis, za mu buga. A ɗauki kwafi a kai wa kansila gida, cikin ladabi, mutum goma ko ashirin, mata a ciki, gama su ke ɗaukar tulun. A tambaye shi ranar da majalisa za ta zauna kan maganar.

Da su Malam Aminu Kano suka kafa tutar NEPU, wadda aka fara a Kano a 1950, an ce talaka ba shi da bakin tambayar inda harajinsa ya tafi. An ɗaure wasu, an yi wa wasu bulala, amma a 1979 Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a Jihar Kano. Abin da muke tambaya yau bai kai wancan wuya ba, moɗa ɗaya ce ta ruwa mai kyau ga ɗan da aka haifa a bakin dam. Duk mai neman ƙuri'armu nan gaba, ya fara shan moɗa ɗaya daga randarmu, sa'an nan mu saurare shi.

Allah Ya kiyashe mu da annoba, Ya ba talakawa sawaba. Amin.