A Rubuta Zane-zanen Gargajiya Tun Masu Su Suna Raye

Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Sakkwato ta ratsa Boɗinga da Shagari, ya tsaya a kasuwannin ƙauye, zai ga abin da ya kamata ya dami hukuma. Robobi da kwanonin kanti suna ta cin wurin ƙorai masu zane da faya-fayai masu launi. Mai saye ba shi da laifi, tun da roba ta fi araha. Amma in ƙwarya ta ɓace, akwai ilmin da zai bi ta, wato ilmin zane da sunayensa.

Wannan ilmi yana da tushe a ƙasar nan. Masaƙa sun dubi jikin zabo suka fitar da saƙi. Marina sun sami shuɗi daga baba, dukawa sun sami ja daga karan dafi, majema kuma suka gyara fatar jar akuyar Sakkwato da bagaruwa. Ita ce fatar da fatake suka riƙa ƙetare Hamada da ita, har Turawa suka san ta da sunan fatar Maroko. Maɗinka suna da aska biyu da aska takwas da tambari da dagi, malamai kuma suna da zayyanar allon sauka. Kowane zane yana da suna da ƙa'ida, amma yawancinsu a kan tsofaffin masu sana'a suke, ba a takarda ba.

Boɗinga da Shagari sun cancanci a fara aikin adanawa daga gare su. A Sifawa, cikin ƙasar Boɗinga, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna kafin ya koma Sakkwato a 1815, watau wuri ne da ya saba da rubuta ilmi don kada ya salwanta. Shagari kuwa ita ce mahaifar Alhaji Shehu Shagari, wanda ya shugabanci Nijeriya daga 1979 zuwa 1983, ya fito da darajar babbar riga da doguwar hula har aka riƙa kiran irin hular da sunansa.

Abin takaici ne a ce baƙi sun riga 'yan gida. David Heathcote, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya yi shekaru yana nazarin ɗinkin Hausawa, aka kuma baje kolin fasahar Hausa a birnin Landan a 1976. A lokacin kyamara sai mai hali. Yau kusan kowane ɗalibi yana da ita a wayarsa, saboda haka uzuri ya ƙare.

Ya kamata Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu ta haɗa kai da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ƙananan hukumomin nan biyu, a tura ɗalibai gunduma-gunduma lokacin hutu. Su ɗauki hoton kowane zane, su rubuta sunansa da garinsu da kayan da aka yi shi da su, tare da sunan mai sana'ar in ya yarda. Hoton da ba shi da wannan bayani ba zai amfani mai bincike ba. Wajibi ne kuma a nemi izini ta hannun hakimai da sarakunan sana'a, a biya masu sana'a ladan lokacinsu, domin ba sadaka suke yi ba.

Ma'aikatar Ilmi ta mai da abin da aka tattara littafin koyar da zane a makarantun firamare. Ma'aikatun Gwamnati kuma su riƙa sayen kayan gida in za su yi wa baƙi kyauta, gama ciniki shi ne yake riƙe yaro a sana'ar ubansa. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta ba fasahar gargajiya kariya daga masu kwaikwayo don riba, amma da wuya a kare zanen da ba a rubuta asalinsa ba.

Aikin ba ya bukatar kuɗi masu yawa, gaggawa yake bukata. Kowace shekara ana rasa tsofaffin da suka san sunayen nan, kuma wanda ya tafi da nasa ba mai dawo da shi. Allah ya sa hukumomin da abin ya shafa su farga tun da sauran lokaci, amin.