Buga littafi daban, wallafa shi daban: Abin da ke jiran sabon marubuci a Najeriya

Da wuya wata ya wuce a Abuja ba a yi bikin ƙaddamar da littafi ba. Tsohon babban sakatare ko hadimin minista ya rubuta tarihin aikinsa, a tara manyan baƙi, a yi alkawarin miliyoyi, a watse. Bayan mako guda, wanda ya nemi littafin a kantin sayar da littattafai ba zai same shi ba, domin ragowar kwafin na jibge a gidan marubucin. Wannan al'ada ta sa sababbin marubuta da dama na ɗaukar cewa da zarar injin ya fitar da shafuka an gama aiki, alhali a nan ne aka fara.

Maɗaba'a, irin waɗanda ke Area 10 a Garki ko Shomolu a Legas, aikinta buga abin da aka kawo mata, da kurakuransa da komai, a biya ta. Kamfanin wallafa kuwa shi ke zaɓar rubutu, ya tace shi, ya zuba kuɗinsa, ya kai littafin kasuwa, sannan ya riƙa ba marubuci kasonsa. Rashin gane wannan bambanci ya fi tsada a yanzu. Tun da aka saki farashin naira a watan Yunin 2023, kuɗin takarda da tawada ya yi tashin gwauron zabi, saboda akasarinsu daga waje ake shigo da su, kuma masana'antun takarda na Jebba da Iwopin da Oku-Iboku sun daɗe ba sa biyan buƙatar ƙasa. Manyan kamfanoni sun ƙara karkata ga littattafan makaranta masu tabbataccen ciniki, ƙofar sabon marubuci kuma ta ƙara ƙunci.

Duk da haka ƙofar ba ta rufe ba. Cassava Republic, da aka kafa a Abuja a 2006, da Masobe da Ouida da Parrésia suna fitar da sababbin marubuta. Parrésia ce ta wallafa littafin Abubakar Adam Ibrahim da ya lashe kyautar adabi ta NLNG, mai dala 100,000, a 2016. Irin waɗannan kamfanoni kan nemi taƙaitaccen bayanin littafi da 'yan babobin farko, amsa kuma kan ɗauki watanni. Alamar da za a riƙe ita ce, wanda ya nemi marubuci ya biya kafin ya karɓi rubutunsa, hidima yake sayarwa, kuma wajibi ne a yi ciniki da shi a kan haka.

Ga mai rubutu da Hausa, tarihi ya nuna hanyoyi biyu. Gasar da Hukumar Fassara ta shirya a Zariya a 1933 ce ta fito da Abubakar Imam da Abubakar Tafawa Ɓalewa, kamar yadda gasar Hikayata ta BBC Hausa ke fito da marubuta mata tun 2016. A shekarun 1980 kuwa, da kamfanoni suka ja baya, marubutan Kano suka koma buga littattafansu da kuɗinsu. Abin da ya ɗaga su shi ne sun san inda masu karatu suke, kuma suna da dillalan da ke kai musu kaya har kasuwannin ƙauye. Wannan darasi ne bikin ƙaddamarwa na Abuja ya manta.

Wanda ya zaɓi ɗaukar nauyin kansa, kuɗinsa na farko ya kamata ya tafi ga edita, kafin bango mai sheƙi. Daga nan sai lambar ISBN, wadda Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa ke bayarwa. Idan aka karɓi ta maɗaba'a, sunanta ne zai tsaya a matsayin mawallafi. Dokar ɗakin karatun ta 1970 ta wajabta wa mawallafi mai zaman kansa ajiye kwafi uku a can. Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda aka sanya wa hannu a watan Maris na 2023, tana kare rubutu ba sai an yi rajista ba, kuma miƙa haƙƙin ga wani ba ya inganta sai a rubuce. Saboda haka ya kamata a duba tsawon wa'adin yarjejeniya, da kason marubuci, da wanda zai riƙe haƙƙin fassara da na fim. Intanet ta rage kuɗin takarda, amma rufe manhajar OkadaBooks a ƙarshen 2023 ya nuna haɗarin jingina da dandali guda.

Ma'aikacin gwamnatin tarayya yana da ƙarin shinge. Ƙa'idojin aikin gwamnati sun hana jami'i wallafa abin da ya shafi siyasa ko harkar mulki ba tare da izinin babban sakatare ko shugaban hukumarsa ba, sannan Dokar Sirrin Gwamnati ta 1962 ba ta sauka daga kan mutum don ya yi ritaya. Ƙirƙirarren labari ko waƙa ba su cika jawo matsala ba, amma tarihin aiki da ya ɗauko bayanai daga fayil na iya kai mai shi gaban kwamitin ladabtarwa. Neman izini a rubuce tun rubutu bai je maɗaba'a ba ya fi sauƙi a kan amsa takardar tuhuma.

Kafin a biya kuɗin zauren biki, akwai tambayar da ya kamata sabon marubuci ya samu amsarta daga bakin mai buga masa littafi: a waɗanne kantuna za a same shi, kuma wa zai kai shi can?