Taswirar Gida Kafin Taswirar Duniya

A galibin makarantun da mu ke zuwa gwajin aikin malanta, in an zo darasin Labarin Ƙasa, sai a rataya taswirar duniya jikin allo, malam ya ɗauki tsumagiya yana nunawa, yara suna amsawa kamar masu biya karatu: ga Masar, ga Hindu, ga Sin. Yaro ya haddace su sarai. Amma ba shi takarda da fensir, ka ce ya zana maka hanyar da ya ke bi kullum daga gidansu a Tarauni zuwa Gyaɗi-Gyaɗi, sai ka ga ya yi zuru, ko kuwa ya ja wani layi kamar sawun maciji, ba gabas ba yamma. Mu a ganinmu an yi jinka ne tun ba a ta da bango ba. Abin da ya kamata shi ne yaro ya fara zana unguwarsu da hannunsa, ya san yadda a ke yin taswira, kana a nuna masa ta duniya.

Taswira dai surar ƙasa ce kamar yadda shirwa ke ganinta daga sama, an rage ta har ta shiga takarda. To, wannan ragewa ita ce tushen aikin duka, ita a ke kira ma'auni. In aka ce santimita 1 a takarda daidai ya ke da mita 100 a ƙasa, lalle ne ya zama haka ko'ina cikin takardar, daga kasuwar Tarauni har asibitin Malam Aminu Kano da ke kan hanyar Zariya. Ba a ƙara wa gidan mai unguwa girma don girman mai shi. Manyan taswirorin gwamnati da a ke kira na 1:50,000 su ma haka su ke, santimita 2 kilomita 1 ke nan. Yaron da bai taɓa auna filin makarantarsu da igiya ya rage shi da kansa ba, waɗannan lambobi ba su gaya masa kome.

Kakanninmu a ƙasar Kano sun ɗanɗana abin da rashin tsayayyen ma'auni ke jawowa. Wajen 1909 aka shigo da awon gonaki da taki don yanka haraji, a kan aiki malamai su taka gona tsawo da faɗi su rubuta. Amma takin dogo dabam, na gajere dabam, na wanda rana ta dama kuwa dabam, ga shi kuɗin talaka ne ke rataye da ƙafar mai takawa. Shi ya sa aikin safiyo na ainihi ba ya dogara ga ƙafa. Sai a zaɓi layi guda miƙaƙƙe a auna shi da kyau ƙwarai. Daga bakinsa na farko a hangi wani abu mai tsawo, kamar hasumiyar masallaci, a rubuta kusurwarsa, a koma ɗaya bakin a sake hangensa. Inda layukan nan biyu suka haɗu a takarda, nan hasumiyar ta ke, ko ba a taka zuwa gindinta ba. Daga wannan alwatika a ɗora wata, har a rufe ƙasa duka kamar saƙar koma. Haka aka auna Nijeriya, aka kafa tushen awon a Minna. Yaran aji biyar suna iya gwada wannan a filin wasa da allo da rula da allura biyu, ba sai an sayi kome ba.

Sai maganar jiha, wadda ta shafe mu fiye da kowa, domin sau biyar mu ke neman alƙibla kowace rana. Mun saba cewa mutum ya fuskanci gabas. Amma Kano tana wajen digiri 12 arewa da layin da ya raba duniya biyu, Makka kuwa ta ɗara digiri 21, saboda haka alƙiblarmu ta karkata arewa da gabas sosai da misalin digiri 22. Mafitar rana kuma ba wuri ɗaya ta ke tsayawa ba. A watan Yuni tana fitowa kusa ƙwarai da alƙibla, amma a Disamba, cikin hunturu, ta koma kudu har tsakaninsu ya kai wajen digiri 45. Wanda ya ja harsashin masallaci da fitowar rana a lokacin sanyi ya kauce da yawa. Malaman Musulunci na da ba su yi wasa da wannan fanni ba. Halifa Ma'amun na Bagadaza ya aiki masana wajen shekarar 830 suka auna tsawon digiri guda a filin hamada don su san girman duniya. Idirisi kuma ya gama taswirarsa a 1154 a tsibirin Sisili, ya sa kudu a sama, arewa a ƙasa. Ashe sa arewa a saman takarda al'ada ce kurum da aka yarda da ita, kamar yadda aka taru a Washinton a 1884 aka yarda a riƙa ƙirga layukan gabas da yamma daga Girinic ta Ingila. Kano tana digiri 8 da rabi gabas da can, Makka kusan 40. Kowane digiri minti 4 ne na tafiyar rana, shi ya sa azahar ke riga mu da kamar sa'a 2 a Makka.

In yaro ya kai nan, to, a kawo masa taswirar duniya, a kuma gaya masa gaskiyarta. Duniya a dunƙule ta ke, takarda kuwa a shimfiɗe. Ɗauki ƙwarya ka ce za ka baje ta a ƙasa ba tare da ta fashe ba, ka ga in za ta yiwu. Don haka kowace taswirar duniya sai ta yi ƙarya a wani waje, ko a girma, ko a siffa, ko a nisa. Wadda ta fi yawa a bangon makarantu ita ce irin wadda Markato ya yi a 1569 domin matuƙan jirgin ruwa. Su ta yi musu rana, gama tana kiyaye jiha. Amma tana kumbura ƙasashen da ke can ƙuryar arewa, har tsibirin Girinlan ya yi kamar ya kai Afirka, alhali Afirka ta ninka shi wajen sau 14. A 2025 Tarayyar Afirka ta goyi bayan a sauya ta da wadda ke nuna girman ƙasashe daidai. Madalla da haka. Sai dai ko an sauya takardar bango, in yaro bai san dalilin kumburin ba, haddar ce dai za a sake masa.

Wani zai ce wannan duk wahalar banza ce, tun da ga wayar hannu tana nuna wa mutum inda ya ke tsaye da taimakon tauraron ɗan Adam. Gaskiya ne tana nunawa, mu ma muna amfani da ita. Amma ita waya abin da wani ya zuba mata shi ta sani, kuma lungunan Gyaɗi-Gyaɗi da yawa sunayensu a bakin mutane su ke, ba su cikinta. Har wa yau, ba waya ce za ta karanta wa marayu takardar filin ubansu ba. Tun dokar ƙasa ta 1978 fili a birni yana hannun gwamna, shaidar mai shi kuwa takarda ce mai ɗauke da zane da lambobin turakun siminti da safiyo ya kafa. Wanda bai iya karanta wannan zane ba, ana iya matsar masa da turke taki biyar yana kallo, sai an je gaban alƙali ya rasa abin cewa.

Abin ya wuce fili ma. Masu rigakafin shan inna a jihar Kano sun daɗe suna aiki da zanen hannu marar ma'auni. Da aka fara gwada shi da hotunan tauraron ɗan Adam wajen 2012, sai aka tarar da ƙauyuka da rugage waɗanda ba su cikin zanen kowa, watau yaransu ba mai zuwa gare su. Haka kuma a 1898 Ingila da Faransa suka kafa tsinin kamfas a kan Sakkwato, suka ja baka mai nisan mil 100, suka ce iyaka ke nan. Da Faransawa suka zo bin rabonsu zuwa Damagaram sai suka iske hanyar ba rijiyoyi, dole aka sake zama a 1904 da 1906. Masu zanen ba su san ƙasar ba, masu ƙasar kuwa ba a tambaye su ba.

Kada kuma a ce zana taswira aikin Turawa ne, mu namu kallo. A 1824 Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ba Kilafatan taswirar ƙasashen nan da kogin Kwara a Sakkwato, aka buga ta a London a 1826. Shi kuwa Barth, wanda a ke kira Abdulkarim, da ya zo Kano a 1851 ya zana birnin da ke cikin ganuwa, da Dala da Jakara. Unguwannin namu na bayan ganuwa sun cika sun batse ne daga baya, saboda haka tarihin yadda gona ta zama gida a nan sai mu muka rubuta shi.

Roƙonmu ga shugabannin makarantun Tarauni shi ne a ba da zango guda ga wannan aiki. A fara da ɗakin aji, a fita filin makaranta, sa'an nan a nemi izinin mai unguwa a bi layi layi da igiya da kamfas, kowane rukuni na yara da yankinsa. A yarda da alama guda ta masallaci, da ta rijiya, da ta kwata, a rubuta ma'auni da shekara a gindin takarda. Yaran Gyaɗi-Gyaɗi ta Arewa su haɗa nasu da na Gyaɗi-Gyaɗi ta Kudu, inda bakin takardun ya ƙi haɗuwa a koma a sake awo. Taswirar a ajiye ta a ofishin makaranta, ajin baɗi su fita da ita, su sa alama inda aka cike kududdufi aka yi gini, da inda ruwa ya kwanta da damina.