Daga Bakin Allo: Ranar Da Aka Ɗaga

A wannan wata ina so mu yi magana a kan wani abin da ya ba ni kunya a zangon karatu da ya wuce, gama da hannuna a cikin laifin.

Mun sa taron iyaye da malamai ran wata Asabar. Na rubuta sanarwa a takarda, aka ɗauki hotonta, aka aika wa iyaye ta WhatsApp. Bayan kwana huɗu aka yi rasuwa a gidan shugaban iyaye, sai aka ɗaga taron zuwa Asabar ta gaba. Na rubuta sabuwar sanarwa, ita ma aka aika. Amma hoton farko bai mutu ba. Ya riga ya bi hannu hannu, wannan ya tura wa wancan, har ya kai inda na biyun bai kai ba.

Ran Asabar ta fari da hantsi na shiga makaranta ɗaukar littattafai, sai na tarar da wata tsohuwa zaune a gindin darbejiya, da ƙullin gyaɗa da ta kawo wa jikanta. Daga ƙauye ta taso, ta hau babur, ta hau mota. Ta ce, "Malam, ko na yi sammako ne?" Na ce, "Iya, ba ki yi sammako ba, mu ne muka yi kuskure." Asabar ta gaba ba ta sami kuɗin mota ba. A ranar kuwa aka yanke maganar ƙarin kuɗin makaranta, ba da ita ba.

Hoton sanarwa kamar ruwan tulu ne. Abin da aka zuba ran farko shi ke ciki, ko da ya kwana bakwai. Akwai kuwa wata hanya mai kama da famfo, wadda kullum ka buɗe daga tushe ruwan ya ke zuwa. Ita na ke so in bayyana.

A dā kowane kamfani da irin yaren kalandarsa ta kwamfuta, ta wannan ba ta jin ta wancan. A shekarar 1998 aka fitar da wata ƙa'ida mai suna iCalendar, wadda Frank Dawson na kamfanin Lotus da Derik Stenerson na Microsoft suka rubuta. Aka sake gyara ta a 2009. Ita ce Google Calendar da Outlook da kalandar wayoyin Apple su ke ganewa duka. Takardarta sunanta ya kan ƙare da .ics, in ka buɗe kuwa ba wani abin ban tsoro a ciki, rubutu ne layi layi: sunan taro, wurinsa, lokacin farawa, lokacin tashi. Tana kuma iya cewa taro kaza kowace Asabar ta farkon wata ne, ba sai an rubuta sau 12 ba.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne kowane taro yana da tasa lamba wadda ba ta sākewa, kamar lambar ɗalibi a rajista. Saboda haka in aka ɗaga taron, wayarka ba za ta ɗauka sabon taro ne ta ajiye shi kusa da tsohon ba. Za ta gane shi, ta ɗauke shi daga wannan rana ta kai shi waccan.

To, a nan ne mutane da yawa su ke ruɗewa. In aka aiko maka da takardar .ics ka zuba a wayarka, ka sake cika tulu ke nan, gyaran da aka yi daga baya ba zai same ka ba. Abin da za ka nema shi ne adireshin kalandar a intanet. Sai ka ba kalandarka wannan adireshi sau ɗaya, daga nan ita da kanta za ta riƙa leƙawa tana ɗauko abin da ya sāke. Mai amfani da Google Calendar ta shafinsu na intanet zai sa adireshin, sa'an nan ya bayyana a wayarsa.

Wani zai tambaya, ina RSS, wadda kamfanin Netscape ya fito da ita a 1999? Ita ma famfo ce, amma ta labarai. Ranar da ta ke maƙala wa labari ita ce ranar da aka buga shi, ba ranar da za a yi taron ba. Tana da kyau domin jin sabon abu, amma ba za ta tashe ka ran taro ba.

Mu malamai mun san yadda ranaku su ke yawo. Ista ta kan faɗo ko'ina tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu: a 2024 ran 31 ga Maris ce, a 2025 kuwa 20 ga Afrilu. Hutun Salla sai an ga wata, gwamnati ta yi sanarwa. Kalandar bango da aka buga tun Janairu ba ta iya bin wannan. Ga kuma sha'anin agogo, ga masu 'yan'uwa a waje da a ke haɗa taron iyali da su ta waya. In ƙarfe 4 ta yi a Nijeriya da Nijar, a Gana 3 ce, a Sudan 5. Ingila kuwa ta kan matsa agogonta a ƙarshen Maris, ta mayar a ƙarshen Oktoba, don haka wani lokaci daidai mu ke da su, wani lokaci mun riga su da awa guda. Kalandar da aka gaya wa yankin lokacinta ita ke yin wannan lissafi.

Kada in yi mata yabon da ya wuce kima. Waya ba ta leƙa adireshin kowane minti, wani gyara ya kan ɗauki awoyi da yawa kafin ya iso. Taron da aka ɗaga yau na gobe, sai kira. Kuma duk wanda ya sami adireshin zai karanta abin da ke ciki, don haka sunan yaro, ko ranar da 'yan aji kaza za su yi tafiya da hanyar da za su bi, ba mu sa su a ciki.

Babbar matsalar ita ce Iya ba ta da irin wannan waya. Ɗan maƙwabcinta ne ya nuna mata hoton. Abin da muka yi a makarantarmu ke nan: malami guda ne kaɗai ya ke taɓa kalandar, domin tushe ya zama ɗaya. Kowace sanarwa da za a ɗauki hotonta, mu kan rubuta ranar da aka fitar da ita a sama da manyan baƙaƙe. A kowane ƙauye mun nemi mutum guda mai waya, muka sa masa adireshin, shi zai riƙa gaya wa sauran. Takarda a jakar ɗalibi ma ba mu bari ba, ko da ya ke wadansu sai ranar wanki a ke ganinsu.

A ƙauyen Iya, ɗan maƙwabcin nan ne muka ɗora wa aikin. Taron wannan zango ta riga ni isowa.